Hoton ƙashin baya da fahimtar sakamakonsa ga mai ciwon ƙugu

Hoton ƙashin baya bincike ne da ake yi da na'ura don a ga ƙasusuwa, fayafayan guringuntsi da jijiyoyin gadon baya ba tare da an tsaga jiki ba. An fi yi wa masu ciwon ƙugu, wato ciwon da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ɗuwawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da wannan ciwo a 2020, kuma a kusan kashi 90 cikin ɗari ba a iya nuna takamaiman abin da ya haddasa shi. Daga nan ruɗani ke farowa, domin majiyyaci yana sa ran hoton zai nuna masa inda ciwon yake, alhali abin da na'ura ke gani siffar gaɓoɓi ce kawai, zafin kuwa ba ya fitowa a hoto.

Ire-iren hoton

Eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, ƙashi yake nunawa: karaya, karkacewa, ko gocewar wani ƙashi daga kan ɗan'uwansa. Ba ya nuna faifai ko jijiya. CT, wato hoton eksire da kwamfuta ke haɗawa, da aka fara yi wa majiyyaci a 1971, ya fi shi fito da ƙashi dalla-dalla, sai dai tururinsa, wato radiyeshan, ya fi yawa. MRI kuwa da maganaɗisu yake aiki, ba shi da irin wannan tururi, kuma shi ne ke nuna faifai, laka da saiwar jijiya. Saboda ƙarfin maganaɗisun ake tambayar mutum ko akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinsa kafin a shigar da shi.

Lambobin da ke cikin rahoto

Ƙasusuwan ƙugu biyar ne, ana rubuta su L1 zuwa L5 daga sama zuwa ƙasa, sai S1, ƙashin da ke ƙarƙashinsu. Idan rahoto ya ce L4-L5, faifan da ke tsakanin na huɗu da na biyar ake nufi. Wannan mataki da na L5-S1 su suka fi ɗaukar nauyin jiki, a nan kuma mafi yawan matsalar faifai ke faruwa. Lakar baya ta babban mutum takan ƙare ne wajen L1 zuwa L2. Daga nan sai tarin jijiyoyi da likitoci ke kira wutsiyar doki. Ke nan faifan da ya ɓullo a L4-L5 saiwar jijiya yake dannewa, ba laka ba, kuma sanin wannan kaɗai yakan rage wa mutane da dama fargabar shanyewar jiki.

Abin da ake yawan rubutawa

Faifai mai lafiya yana da ruwa a tsakiyarsa, shi ya sa yake fitowa da haske a nau'in hoton MRI da ake kira T2. Idan ya bushe sai ya yi duhu ya rage tsawo, a rubuta cewa ya lalace. Bayan wannan akwai kumburin faifai, inda gefensa ke ɗan zarce iyakar ƙashi; da ɓullowa, inda wani ɓangare ya turo waje; da fashewa, inda abin cikin ya fito, wani lokaci har ya gutsure ya rabu. Ana kuma rubuta ƙuntatar hanyar jijiya, zaizayar ƙananan gaɓoɓin baya, da sauye-sauyen Modic, waɗanda likita Michael Modic ya bayyana a 1988: canjin launin ɓargo a bakin ƙashi, nau'i na 1 kumburi, na 2 kitse, na 3 taurin ƙashi.

Kalmar "lalacewa" tana da ban tsoro, amma bincike ya rage mata kaifi ƙwarai. A 1994 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon MRI na mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan: kashi 52 cikin ɗari suna da kumburin faifai, kashi 27 nasu ya ɓullo, kashi 36 ne kacal fayafayansu ke lafiya a kowane mataki. A 2015 wani likita mai suna Brinjikji da abokan aikinsa suka haɗa bincike 33 da ya shafi mutum 3,110 marasa ciwo, suka tarar da lalacewar faifai a kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Yawancin abin da ke cika shafin rahoto, ashe, kamar furfura yake: shekaru ke kawo shi, ko da ciwo ko babu.

Masu fassara hoton ma sukan saɓa. A wani gwaji da aka buga a 2017, an ɗauki mace ɗaya hoton MRI a cibiyoyi 10 cikin mako uku. Rahotannin sun ambaci abubuwa 49 daban-daban, babu ko ɗaya da ya fito a dukkansu.

Daidaita hoto da abin da jiki ke ji

Abin da aka gani yana samun ma'ana ne idan ya dace da alamomin majiyyaci a gefe da kuma mataki. Saiwar L5 idan aka danne ta, zafi kan bi gefen ƙafa zuwa babban yatsa, ɗaga tafin ƙafa sama ya yi wuya. Ta S1 kan bi bayan cinya da sha-raɓa zuwa diddige da ƙaramin yatsa. Mai jin zafi a ƙafar dama wanda faifansa ya ɓullo ta hagu, da wuya a ɗora wa wannan faifai laifi. Haka nan mutum na iya kasa miƙewa don azaba hoton kuma ya fito tas, domin ciwon tsoka, jijiyar gaɓa da ƙaruwar saurin jin zafi ba sa bayyana, ga shi kuma a kwance ake ɗaukar MRI, ciwon wasu kuwa sai sun tsaya yake tashi. Hoto mai tsabta ba ya nufin majiyyaci ƙarya yake yi.

Abin mamaki, faifan da ya fi muni a ido shi ya fi saurin janyewa da kansa. Jiki yakan ɗauki gutsuren da ya fito a matsayin baƙon abu ya narkar da shi cikin watanni, yayin da ɗan kumburi kan zauna yadda yake. Wannan na cikin dalilan da ya sa ƙungiyoyin likitoci ba sa ba da shawarar ɗaukar hoto a makonni shida na farko idan babu alamar haɗari, kuma ba a yanke shawarar tiyata da girman abin da aka gani kaɗai.

Alamomin da ba a jira da su

Akwai yanayin da hoton ke zama na gaggawa. Mafi tsanani shi ne dannewar jijiyoyin wutsiyar doki: rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi da kewayen dubura, kasa yin fitsari ko kasa riƙe shi da bayan gida, da raunin ƙafafu biyu. Wannan asibiti ake zuwa nan take, domin jinkiri na iya barin naƙasa ta dindindin. Haka ma raunin ƙafa da ke ƙaruwa kullum, zazzaɓi tare da ciwon baya, rama ba dalili, tarihin ciwon daji, faɗuwa ko haɗari, da daɗewa ana shan maganin siteroid. A irin waɗannan ana neman karaya, ƙari ko ƙwayar cuta, ciki har da tarin fuka na ƙashin baya, kuma wani lokaci ana yi wa majiyyaci allurar sinadarin gadoliniyam don kumburi ko ƙari ya fito sarai a hoton.