Wai me matasan nan ke nema ne kan sirrin bayananmu a intanet?

Wane bayani ne ma ake ta surutu a kai?

Ba sunanka da lambar wayarka kaɗai ba fa. Inda ka kwana, ƙarfe nawa ka ɗau waya da safe, wane bidiyo ka tsaya a kai da daƙiƙa nawa ka yi kafin ka wuce, wa ka fi yi wa magana, duk tattarawa ake yi a haɗa har a san ka ciki da waje, sannan masu talla su biya kuɗi a kai musu kai. Kyautar manhajar kenan.

To ni ba ni da abin ɓoyewa, ina ruwana?

Ai ba kai kaɗai ne a wayarka ba. A 2018 aka gano Cambridge Analytica, wani kamfanin ba 'yan siyasa shawara, ya samu bayanan masu Facebook da za su kai miliyan 87, kuma galibinsu ko taɓa manhajar da ta kwashi bayanan ba su yi ba, abokansu ne suka shiga sai aka haɗa da su. A 2019 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Matashi guda ɗaya zai iya ja da irin waɗannan kamfanoni kuwa?

An yi ai. Max Schrems ɗan Ostiriya ne, a 2011 yana ɗalibin lauya ya ce Facebook su ba shi duk abin da suka ajiye a kansa, suka aiko masa da faifai mai shafi sama da 1,200, har da saƙonnin da ya riga ya goge suna nan daram. Mutumin nan bai haƙura ba, ya dinga kai ƙorafi ana jan ƙafa yana komawa har magana ta kai babbar kotun Tarayyar Turai, a 2015 ta rushe yarjejeniyar da ake bi wajen tura bayanan Turawa zuwa Amurka, aka yi wata sabuwa, a 2020 ita ma kotun ta rushe ta. Tarar yuro biliyan 1.2 da aka ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, a 2023 daga ƙorafinsa ta samo asali. Amma fa lura, doka ce ta ba shi bakin magana tun farko, da babu haƙƙin neman bayananka a rubuce da ko amsa ba za su ba shi ba. Shi ya sa nake ganin masu cewa "kawai ka gyara setin ɗinka" ba su gane zancen ba.

Na yanzu fa, me suke so?

Emma Lembke, wata matashiya 'yar Amurka, ta kafa ƙungiyar matasa ta Log Off a 2020, a 2023 ta ba da bahasi a majalisar dattawan Amurka. Akwai gamayyar Design It For Us da matasa ke ja. Buƙatarsu a taƙaice: akawun ɗin yaro ya zo a kulle tun daga kamfani, kar a tara bayanin da ba a buƙata, a daina dabarun da ke riƙe mutum yana ta jan allo har asuba. Birtaniya ta fara tilasta irin wannan ƙa'ida a 2021, kuma a 2023 an ci TikTok tarar yuro miliyan 345 a Turai, cikin laifukan har da barin akawun ɗin 'yan shekara 13 zuwa 17 a buɗe ga kowa.

Me zai hana a kori yara daga soshiyal midiya kawai a huta?

Ostireliya ta bi wannan hanyar, a 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da 16. Toh amma ta yaya kamfani zai san shekarunka? Sai dai ka nuna katin shaida ko a ɗauki fuskarka a ƙiyasta, ka ga garin kare yaro an sa babba ma ya ƙara miƙa bayanai ga wanda ake kuka da shi. Nan ne kan matasan ya rabu, da yawansu cewa suke a gyara manhajar, su ba fita za su yi ba.