Waiwaye: Yadda Finafinan 3D Suka Shigo Ɗakunanmu Suka Fita

Duk wanda ya saba leƙa shagunan da ake sayar da talabijin na hannu a Sakkwato, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai ta Legas ko Kwatano, zai lura cewa wasunsu suna ɗauke da ɗan tambari a kusurwa mai rubutun 3D, kuma a jikin rimot ɗinsu akwai maɓalli guda da kusan ba a taɓa dannawa ba. Idan mai saye ya tambayi tabarau ɗin da ake haɗawa da su, amsar da ya fi samu ita ce ba a zo da shi ba. Waɗannan akwatuna su ne ragowar wani gagarumin yunƙuri da manyan kamfanonin lantarki na duniya suka yi tsakanin 2010 da 2017, na kawo manyan finafinan kasada cikin ɗakin mutum ta yadda zai ga kamar mashi ko wutsiyar dodo za ta fito daga allo ta same shi. Yunƙurin bai ɗore ba, kuma a ganina abin da ya kayar da shi ya fi bayyana a gari irin namu fiye da ƙasashen da aka ƙera kayan.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Tsakanin idanun mutum biyu akwai tazarar kusan santimita shida da rabi, saboda haka kowane ido yana ganin abu ta kusurwar da ta ɗan bambanta da ta ɗan'uwansa, ƙwaƙwalwa kuma ita ke haɗa hotunan biyu ta fitar da zurfi, wato sanin abin da ke kusa da abin da ke nesa. A 1838 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna cewa idan aka ba kowane ido zanensa daban ta hanyar madubai, mutum zai ga zurfin da babu shi a kan takardar. Duk abin da ya biyo baya, daga tabarau na kwali mai ja da shuɗi har zuwa na lantarki, hanya ce kawai ta tabbatar da cewa hoton idon dama bai shiga idon hagu ba.

An nuna cikakken fim na farko da wannan dabara a birnin Los Angeles a 1922, amma bai yi tasiri ba. Sai a farkon shekarun 1950 abin ya kankama, lokacin da talabijin ta shiga gidajen Amurka ta fara janye mutane daga gidajen sinima, masu finafinai suka shiga neman abin da ƙaramin akwatin gida ba zai iya bayarwa ba. A ƙarshen 1952 aka saki Bwana Devil, fim ɗin kasada a kan zakunan da suka riƙa cinye ma'aikatan shimfiɗa layin dogo a Gabashin Afirka, jama'a suka yi tururuwa, sauran kamfanoni suka bi sahu. Sai dai a lokacin na'urorin haska fim biyu ake kunnawa tare, ɗaya ta idon dama ɗaya ta hagu, kuma da zarar ɗaya ta ɗan riga ɗaya, ko fim ya tsinke an yi masa gyara ba daidai ba, masu kallo sukan tashi da ciwon kai. Kafin ƙarshen 1954 an juya wa abin baya, an koma ga allo mai faɗi wanda ba ya buƙatar tabarau. A waɗannan shekaru mu nan Arewa majigi muka fi sani, wanda ake kawowa a mota a kafa a fili, gari ya taru bayan sallar isha'i a kalla tare.

An sake gwadawa a farkon shekarun 1980, har Indiya ta fitar da nata fim na farko mai zurfi a 1984 cikin harshen Malayalam, daga baya aka juya shi zuwa Hindi. Wannan ma ya yi ɗan zamaninsa ya lafa.

Abin da ya canza lissafi shi ne fim ɗin Avatar na darakta James Cameron, wanda ya fito a Disambar 2009 ya tara sama da dala biliyan 2.7, kuɗin da babu fim ɗin da ya taɓa tarawa kafinsa. A wannan watan ne kuma aka kammala tsara ƙa'idojin faifan Blu-ray 3D, wanda ke ɗauke da cikakken hoto mai layi 1080 ga kowane ido. Kamfanonin talabijin, waɗanda suka riga suka sayar wa mutane sirantattun akwatuna kuma suna neman dalilin da zai sa a sake saye, suka ga dama ta samu. A 2010 Samsung da Panasonic da Sony da LG duk suka fito da talabijin mai 3D, aka ɗauki wasanni 25 na gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu da wannan fasaha, tashar ESPN ta buɗe tasha ta musamman dominta a Amurka, Sky ma ta buɗe tata a Birtaniya, sannan a watan Satumba aka sabunta na'urar PlayStation 3 don ta iya karanta sabon faifan. Amma tun a matakin farko aka tafka kuskuren da nake ganin ya yi wa kasuwar illa ƙwarai. Fim ɗin da ya jawo sha'awar gaba ɗaya, wato Avatar, ba a samun faifansa na 3D sai tare da kayan Panasonic tun ƙarshen 2010, bai shiga kasuwa don kowa ba sai a Oktoban 2012. Mutumin da ya sayi talabijin na wani kamfani saboda wannan fim sai da ya jira kusan shekara biyu, ko ya saya da tsada a hannun masu sake sayarwa. A gefe guda kuma, finafinai da yawa da aka ɗauka da kyamara ta yau da kullum an riƙa juya su zuwa 3D da kwamfuta cikin gaggawa, sai mutanen ciki su fito kamar hotunan kwali da aka jera a gaban labule.

Tabarau iri biyu aka yi ta gogayya a kansu. Na farko mai batir ne, yana rufe ido ɗaya ya buɗe ɗaya cikin saurin da mutum ba ya lura, daidai da yadda talabijin ke sauya hotunan. Yana ba da hoto cikakke, amma yana da nauyi, yana buƙatar caji, kuma na wani kamfani ba ya aiki da talabijin na wani. A 2010 guda ɗaya yana kai dala 150, a lokacin da dala take kusan naira 150, wato fiye da naira 22,000, kuɗin da ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 18,000 da aka amince da shi a Nijeriya a 2011. Na biyu, wanda LG ya yaɗa daga 2011, ba shi da batir kuma yana da arha, irin wanda ake rabawa a sinima ne, sai dai yana raba layukan allo gida biyu, kowane ido ya sami 540 kacal.

Kaɗan ne ƙwarai daga cikin wannan kaya suka iso Sakkwato a cike. Tun daga 1990 da aka fara finafinan bidiyo na Hausa a Kano, kallonmu ya bi hanyar da ta fi sauƙi ga aljihu: daga kaset zuwa faifan CD, daga nan zuwa DVD da ake cusa finafinai goma ko ashirin a faifai ɗaya, daga ƙarshe zuwa masu turi da ke zuba wa mutum fim a memori ko a waya. Faifan Blu-ray na asali bai taɓa samun gindin zama a wannan kasuwa ba, balle mai 3D. Abin da ya iso gare mu shi ne sunan. An riƙa buga 3D a bangon faifai don jan hankali, idan aka sa a gida sai a tarar allon ya rabu biyu, hoto iri ɗaya a dama da hagu, mutane sun tsuke sun yi tsawo, ko kuma hoton ya fito dishi-dishi da inuwa biyu saboda an ɗauko shi ne da kyamara daga allon sinima. Mutane da yawa sun mayar da irin wannan faifai suna cewa ya lalace, alhali na farkon lafiyarsa ƙalau, talabijin ɗin da zai haɗe hotunan biyu ne babu.

Sau ɗaya na ga abin ya cika, a gidan yayana, wanda ya dawo daga Dubai a 2012 da talabijin da na'urar faifai da tabarau biyu masu batir. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ga shi dole a rufe tagogi a saki labule domin tabarau yana rage hasken hoto sosai, janareta kuma yana ruri a waje. Mun kai mutum goma sha ɗaya a falon. Da na sa tabarau ɗin na ga tsuntsu ya taso daga ƙwazazzabo ya nufo fuskata har na kauce da kai, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni matuƙa, na fahimci dalilin da ya sa mutane suka cika gidajen sinima dominsa. Amma ban yi minti biyar ba wani yaro ya dafa gwiwata yana cewa, "Kawu, saura ni." Haka tabarau biyun suka riƙa zagayawa daga hannu zuwa hannu, gumi yana lulluɓe gilashin ana gogewa da bakin riga, sauran mutum tara kuwa suna kallon hoto mai inuwa biyu da ke sa ido ruwa. Mahaifiyarmu, wadda ta saba kallo a kishingiɗe a kan darduma, da aka ba ta sai ta ce ba ta ga wani bambanci ba, kuma gaskiya ta faɗa, domin dabarar ba ta aiki sai kai yana tsaye, idanu biyu suna daidai da allo. Kafin a kai rabin fim ɗin yayana ya danna maɓalli ya mayar da shi hoto na yau da kullum, sai a lokacin kowa ya gyara zama aka yi kallo ana hira.

A nan ne nake ganin asalin matsalar take. An ƙera kayan ne da tunanin mutum ɗaya ko biyu da za su zauna a kujera daidai tsakiyar allo, cikin duhu, ba magana, ba tashi, har awa biyu ko uku. Mu kuwa kallonmu na taro ne: wani yana ƙasa a kan tabarma, wani yana gefe, ana kawo abinci, ana yi wa wanda bai ji Turanci ba bayani, lokacin salla ya yi a dakatar a tashi. Farin jinin finafinan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa ya nuna cewa abin da mai kallo a nan ya fi nema shi ne ya fahimci labari tare da mutanensa. Akwai kuma batun lafiyar ido. A kallon 3D ido yana daidaita ganinsa a kan allo, amma an tilasta masa ya bi abin da ake nuna yana gaba ko bayan allon, wannan saɓani ne ke kawo gajiya da jiri ga wasu, mai ido ɗaya ko mai harara-garke kuwa sau da yawa ba ya ganin zurfin sam.

Ashe ko a ƙasashen da ke da wuta da kuɗi gidaje ba su jure waɗannan sharuɗɗa ba. A 2013 ESPN ta rufe tasharta, BBC ma ta dakatar da shirye-shiryenta na 3D saboda ƙarancin masu kallo, Sky ta rufe tata a 2015. Samsung ya daina sa fasahar a talabijin ɗinsa a 2016, shekarar da sabon faifan Ultra HD Blu-ray ya fito ba tare da an yi wa 3D tanadi a cikinsa ba, sannan LG da Sony suka janye a 2017. Daga nan tsofaffin akwatunan suka fara gangarowa kasuwanninmu a matsayin na hannu, an bar tabarau ɗinsu a can.

Faifan bai mutu gaba ɗaya ba, domin akwai masu tara shi, kuma kashi na biyu na Avatar, wanda ya fito a Disambar 2022, an buga shi a Blu-ray 3D a 2023. Kamfanonin kuwa sun karkata ga na'urar da mutum ke ɗaurawa a fuska shi kaɗai, kamar Vision Pro na Apple da ya shiga kasuwa a Fabrairun 2024 a kan dala 3,499, wanda ko na kusa da kai ba ya ganin abin da kake gani. Ga wanda ke Sakkwato kuma har yanzu yake son ya gwada da iyalinsa, talabijin na hannu mai tabarau marar batir ya fi dacewa, domin tabarau ɗin da ake rabawa a sinima, irin na kamfanin RealD, yana aiki da shi, ana iya tara goma ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Sai dai a ajiye shi daidai tsayin idon masu zama, kada a rataye shi can sama a bango, kuma tun da an raba faifan Blu-ray da na'urorinsa shiyya-shiyya, idan za a yi odar faifai a duba cewa na shiyyar B ne, wadda ta haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, muddin na'urar karanta faifan daga can ta fito.