Wasannin kwamfuta na farko na jirgin yaƙi mai nutso

Wasannin kwaikwayon jirgin yaƙi mai nutso wani rukuni ne na wasannin kwamfuta da ke ɗora mai wasa a kujerar kyaftin ɗin jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku. Sun bunƙasa a Amurka daga tsakiyar shekarun 1980, a kan kwamfutocin gida irin su Commodore 64 da Apple II da IBM PC. Kafin su akwai injinan wasa na jefa kwabo, kamar Periscope na kamfanin Sega a shekarun 1960 da Sea Wolf na Midway a 1976, amma waɗannan saiti da harbi ne kawai. Abin da ya bambanta na kwamfuta shi ne, harbin ne mafi ƙanƙantar aikin. Yawancin lokaci yana tafiya ne wajen bin sawu da lissafi da tattalin batir da jira.

Waɗanda suka share fage

GATO na kamfanin Spectrum HoloByte ya fito a 1984, ya ɗauki sunan wani samfurin jiragen nutso na Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu. A 1985 MicroProse ya fitar da Silent Service, wanda Sid Meier ya tsara, shi ma a kan yaƙin Amurka da Japan a tekun Fasifik. Daga nan sai Up Periscope! a 1986, da Sub Battle Simulator na Epyx a 1987. A 1989 Electronic Arts ya kawo 688 Attack Sub, wanda ya koma kan jiragen nukiliya na zamanin yaƙin cacar baka. Silent Service shi ya fi barin tasiri, domin fasalin da ya shimfiɗa ne na baya suka yi ta bi.

Kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi. Commodore 64 na da ƙwaƙwalwa kilobait 64 da launi 16, katin hoto na CGA a IBM PC kuwa launi 4 yake nunawa lokaci guda a yanayin da wasanni suka fi amfani da shi. Wannan ƙaranci bai cutar da rukunin ba kamar yadda ya cutar da wasannin tuƙin jirgin sama, domin kyaftin na gaske ma ba ya ganin komai sai taswira da allurorin awo da ɗan da'irar madubin leƙe, wato bututun da ake ɗagawa a hango saman ruwa daga ƙasa. Inuwar jirgi baƙa a bakin sararin sama ta wadatar.

Yadda aka tsara Silent Service

An raba jirgin zuwa shafuka: taswira, saman jirgi inda ake hange, madubin leƙe, allon awo mai nuna zurfi da gudu da mai da batir, sai rahoton ɓarna. Akwai matakai uku: atisayen harbi, artabu da ayarin jiragen abokan gaba guda, da sintiri mai tsawo. Tun da sintiri na gaske makonni yake ɗauka, an sa maɓallin gaggauta lokaci. Mai wasa ne ke zaɓen tsananin gaskiyar da yake so: ko ayari ya riƙa karkace-karkace, ko hange ya ragu, ko wasu makaman su ƙi fashewa, ko gyara ya gagara sai an koma tasha, ko jiragen rakiya su zama ƙwararru. Kowane zaɓi yana ƙara makin da ake samu.

Inji biyu, gudu biyu

Duk dabarar waɗannan wasanni ta rataya ne a kan yanayin jirgin kansa. Samfurin Gato yana da injinan dizal 4 da ke ba shi gudun kusan kilomita 37 a awa a saman ruwa. Da ya nutse, dizal ba ya aiki don babu iska, sai batir, gudun kuma ya faɗo zuwa kusan kilomita 16. Ko wannan ma ba ya ɗorewa, cikin awa guda ko makamancin haka batir zai ƙare. In aka lallaɓa a ƙasa da kilomita 4 a awa, zai kai kwana biyu. Cajin batir kuwa sai an taso sama an kunna dizal, shi ya sa aka fi yin sa da dare.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi ke nan: yana hango ayari sai ya nutse ya bi shi a guje. Ayarin ya tsere masa, batir ya mutu, ƙarar farfela kuma ta tona masa asiri. Hanyar da ta dace ita ce zagaye. A fara gano inda ayarin ya dosa da saurinsa. A ja da baya har a fita daga hangen masu rakiya, a yi gudu a saman ruwa da dizal har a sha gabansa, sannan a nutse zuwa zurfin madubin leƙe, a juya hancin jirgi ya fuskanci gefen hanyar da za su bi, a jira. Madubi ana ɗaga shi na 'yan daƙiƙu ne a sauke, don idan jirgi na tafiya yana barin farin layi a kan ruwa.

Lissafin harbi

Jirgin samfurin Gato na ɗauke da tofido 24, wato makamai masu fashewa da ke tafiya a cikin ruwa, da bututun harbi 6 a gaba da 4 a baya. Tofido samfurin Mark 14 yana gudun kusan kilomita 85 a awa, ya kai nisan kilomita 4 da 'yan kai. Ba ya bin abin hari, inda aka saita shi can yake zuwa, don haka gaban jirgi ake harba. A ce jirgin kaya na nesa da mita 1,000, yana gilmawa a kilomita 18 a awa. Tofido zai ɗauki kusan daƙiƙa 43 kafin ya isa, jirgin kuma ya matsa fiye da mita 200. Sai an karkata saiti da digiri 12 zuwa 13. In aka yi kuskuren kilomita 4 a awa wajen ƙiyasin gudunsa, makamin zai kauce da kusan mita 50, abin da kan isa ya wuce ta bayan ƙaramin jirgi. Wannan ne dalilin matsowa kusa, da kuma harba biyu ko uku a baje kamar yatsun hannu.

Jiragen gaske na da na'urar lissafi ta ƙarfe da ke yin wannan aiki, wasannin kuma sun kwaikwaye ta. Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne ƙiyasin yadda abin hari ya karkata gare su, wato ko hancinsa suke gani ko gefensa. Silent Service ya bar wa mai wasa zaɓi ya shigar da wannan kusurwa da kansa.

Makaman da ke ƙin fashewa tarihi ne na gaske. A farkon yaƙin Mark 14 na tafiya kusan mita 3 ƙasa da zurfin da aka saita, kunamar maganaɗisunsa na tashi kafin lokaci, ƙusar bugunsa kuma na lanƙwashewa in ya daki jirgi tsaye daram. Ba a kammala gyara ba sai wajen ƙarshen 1943. Yana kuma barin kumfa a bayansa da ke nuna inda aka harbo shi.

Tsira bayan hari

Da an ji fashewa, masu rakiya za su nufo wurin da bama-baman zurfi. Sai a nutse, a sauya hanya, a rage gudu. Zurfin da aka amince wa Gato kusan mita 90 ne, wuce shi da yawa na murƙushe jirgi. Babbar mafaka ita ce iyakar da ruwan ɗumi na sama ya haɗu da mai sanyi, domin tana karkatar da sautin na'urar lalube, wadda masu rakiya ke neman jirgi da ita a ƙarƙashin ruwa. Ana kuma juya wa mai nema gaba ko baya, ba gefe ba, don a rage faɗin da sauti zai daka. In abu ya ɓaci, Silent Service na barin a saki mai da tarkace don a zaci jirgin ya nutse.

A 688 Attack Sub batun batir ya kau tun da jiragen na nukiliya ne, sauraro ya zama komai. Mai wasa na iya tuƙa samfurin Los Angeles na Amurka ko Alfa na Tarayyar Sobiyet, mutum biyu ma na iya karawa ta layin tarho. Aces of the Deep na 1994 ya koma ɓangaren Jamus a tekun Atilantika, Silent Hunter na 1996 kuma ya dawo Fasifik.

Kunna su a yau

Na IBM PC suna tashi a manhajar DOSBox, na Commodore 64 a VICE, manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutocin. Wasu tsofaffin wasannin sun dogara da saurin kwamfutar zamaninsu, sai su riƙa gudu fiye da kima. A DOSBox ana rage saurin da Ctrl da F11. Littafin jagora wajibi ne, domin maɓallan umarni suna ciki, wasu wasannin kuma ba sa barin a ci gaba sai an gane hoton wani jirgi da ke shafukansa.