Bidiyon tsaye a talabijin: me ya sa yake tsukewa, kuma yaya ake juya shi?

Bayan biki a Agege ko Idi-Araba, akan taru a falo a sa filash a talabijin. Sai ga amarya a tsuke a tsakiya, baƙin fili hagu, baƙin fili dama, kamar ana leƙenta ta ƙofar da ba a gama buɗewa ba. Wani lokacin ma ta fito a kishingiɗe, Hajiya tana karkata wuya tana cewa wa ya ɗauki wannan.

Me ya sa ba ya cika fuskar talabijin?

Siffar ce ta bambanta. Yawancin talabijin faɗinsu ɗigo (ƙananan ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto) 1920 ne, tsayi 1080. Wayar da aka riƙe a tsaye akasin haka take ɗauka: faɗi 1080, tsayi 1920. Kafin wannan tsayi ya shiga dole a ƙanƙantar da hoton, sai faɗinsa ya koma kusan 608. Ko kashi ɗaya cikin uku na allon bai kai ba.

In na juya shi ba zai cika ba?

Zai cika, amma da mutane a kwance, ango kansa gabas ƙafafunsa yamma. Juyawa maganin bidiyon da ya fito a karkace ne kawai. Wanda tun asali a tsaye aka ɗauka, juyi ba ya ƙara masa komai, don abin da ke hagu da dama kyamara ba ta gan shi ba.

To me ya sa a wayata yana daidai, a talabijin ya kwanta?

Nan ne abin ke rikita mutane. Wayoyi da yawa suna ajiye hoton a kwance ne, sai su maƙala wata 'yar alama a cikin fayil ɗin mai cewa a juya shi digiri 90 lokacin kallo. Waya tana karanta alamar. Tsohon talabijin mai ramin filash sau da yawa ba ruwansa da ita. Bidiyon lafiyarsa ƙalau, kada ka ɗauki talabijin zuwa Computer Village a Ikeja kan wannan.

Da me zan gyara?

Google Photos na juya bidiyo, iPhone ma tun iOS 13 na 2019. In talabijin ya ƙi ji, ka buɗe bidiyon a manhajar gyaran bidiyo ta CapCut ko InShot ka fitar da sabon fayil, juyin zai zauna a jikin hoton. VLC na kwamfuta yana juyawa lokacin kallo, amma fayil ɗin na nan yadda yake.

Baƙin gefen fa?

Ko ka datse sama da ƙasa, ka yi asarar kusan kashi biyu cikin uku na hoton (galibi hula da ɗaurin ɗankwali ke fara tafiya, hoton kuma ya yi dishi-dishi), ko ka cike gefen da dusasshen kwafin hoton. Ni na fi son na biyun, ba a yanke kan kowa ba.

Wanda aka turo min ta WhatsApp fa?

WhatsApp yana matse bidiyo, in ka sake datse shi sai ya dagule a babban allo. Ka ce wa mai ɗaukar ya turo asalin a matsayin fayil, ko ka je da filash ya zuba maka.