Memorin kwamfuta a cikin matsanancin sanyi

Memorin kwamfuta, musamman irin wanda ake kira DRAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe bayanai a ciki yayin da take aiki, halinsa yana canzawa sosai idan aka sanyaya shi zuwa digiri 196 ƙasa da sifili, sanyin ruwan naitirojin kenan, wanda masana ke kira kelbin 77.

Ga yadda abin yake. Kowane ɗigon bayani a DRAM ɗan caji ne da ke zaune cikin wata mitsitsiyar kafasita, wato 'yar ma'ajiyar cajin lantarki, kuma cajin nan yoyo yake yi kamar randa mai tsaga, shi ya sa dole kwamfuta ta riƙa sabunta shi duk milisakan 64 in ba haka ba bayanin ya bi iska. To zafi ne ke ingiza yoyon, da an sanyaya sai ya kusa tsayawa cak, wutar da ake ɓatawa wajen sabuntawa ta ragu, ga wayoyin jan ƙarfen ciki su ma lantarki ya fi ratsa su cikin sauƙi.

A 2008 masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka sun nuna haɗarin da ke cikin wannan, kuma gaskiya abin ya cancanci a damu da shi. Gwangwanin iskar goge kwamfuta kawai suka kifa suka fesa wa memorin har ya kai wajen digiri 50 ƙasa da sifili, suka katse masa wuta, bayan minti 10 abin da ya goge bai kai kashi 1 cikin 100 ba, da haka suka zaƙulo makullan sirrin BitLocker da FileVault, manhajojin da ke kulle bayanan kwamfuta.

A 2017 kuma Microsoft da Rambus, kamfanin ƙera fasahar memori, suka sanar da aikin haɗin gwiwa kan memorin sanyi, saboda kwamfutocin kwantum, wani sabon nau'in kwamfuta da ke aiki dab da kelbin sifili, wato ƙarshen sanyin da zai yiwu, suna buƙatar ma'ajiya a kusa da su. Sai dai in sanyi ya wuce kima taransisto, wato ƙananan makunnan lantarki da ke cikin memorin, kan fara gardama, lantarkin cikin silikon da aka ƙera su da shi ya maƙale, don haka aka fi karkata ga kelbin 77. Akwai kuma maganar kuɗi, domin fitar da zafin wat 1 a kelbin 77 yakan ci wajen wat 10 na wuta, a kelbin 4 kuwa sai an kashe ɗaruruwa.