Sharar asibiti daga takardar oda take farawa

Da ku nake yau, shugabannin ɗakunan shan magani, masu riƙe da sito, da 'yan kwamitin lafiya na unguwa.

Wata safiya ma'aunin zafin jiki ya suɓuce wa wata abokiyar aikinmu, ya tarwatse a siminti. Zaibar ciki ta watse kamar ƙwayar gero, tana gangarawa ƙarƙashin bencin da mata masu goyo ke zaune. Mai shara ya ɗauko tsintsiya, na ce, "Baba, dakata!" Tsintsiya ƙara farfasa ta take yi. Ita zaiba tururi take fitarwa ko babu wuta, ba wari ba launi, in an shaƙa ta taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Muka fitar da kowa, muka buɗe tagogi, muka kwashe ta da kwali cikin kwalba mai murfi. Kwalbar na nan har yau, mun rasa inda za mu kai ta.

Ban ga laifin abokiyar aikin tamu ba. Tun ranar da aka rubuta oda aka sayo wannan matsala.

A 1956 aka gano wata cuta a garin Minamata na Japan, bayan wata masana'anta ta daɗe tana zuba dattin zaiba a teku, mutane suna cin kifin. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar ƙasashen duniya kan zaiba ta 2013, wadda Najeriya ke ciki, ta kuma tsayar da 2020 a daina ƙera ma'aunin zafi da na hawan jini masu zaiba. Masu batir na nan a kasuwa. A rubuta ƙarara a takardar oda: ba ma son mai zaiba.

Na san amsar da ake bayarwa, wai na gilashi ya fi araha. To, araha ba ta ado. Haka firjin rigakafi: mai aiki da hasken rana yana da tsada ranar saye, amma ba ya neman kalanzir kowane wata, ba ya hayaƙi. Magani ma a duba ranar lalacewarsa kafin a sa hannu, kada katon uku su ƙare a ramin ƙona shara bayan wata biyu.

Kafin a biya ɗan kwangila, a tambaye shi shekara nawa kayan za su yi, ko akwai mai gyaransu a kusa, da kuma ko zai karɓi tsofaffin batura.