Daga lie zuwa gaslighting: sunayen ƙarya a bakin Bature

A watan Yulin 2021 aka kori 'yar majalisa Dawn Butler daga zaman majalisar dokokin Birtaniya na wannan ranar. Laifinta, ta ce Firaminista Boris Johnson ya sha sharara ƙarya, aka ce ta janye, ta ƙi. A wannan zauren ba a yarda ɗan majalisa ya kira ɗan'uwansa maƙaryaci ba. Kalmar lie nauyi gare ta, domin tana nufin mutum ya san gaskiya sarai, ya faɗi akasinta da gangan.

Akwai masu sauƙi. White lie ita ce ƙaryar kara, irin ta baƙon da aka kawo wa tuwo ya ce "Alhamdulillahi, a ƙoshe nake", alhali cikinsa na kiran ciroma. Fib 'yar ƙaramar ƙarya ce, irin ta yaron da ya lashe sukari ya ce tururuwa ce. Idan kuɗi suka shigo ciki, an koma scam ko fraud, wato damfara da zamba. Perjury kuwa ƙarya ce bayan an yi rantsuwa a kotu, ita kam har gidan yari tana kai mutum.

Wadda ta fi tashe yanzu ita ce gaslighting. Asalinta wani wasan daɓe ne na Patrick Hamilton mai suna Gas Light, na 1938. Miji yana laɓaɓawa saman bene da dare yana neman wasu duwatsu masu daraja. Da ya kunna fitila a can, sai hasken fitilun gas na ƙasa ya dushe. Matar na gani da idonta, shi kuma kullum yana nuna mata cewa kanta ne ya taɓu. Maƙaryaci so yake ka yarda da shi. Mai gaslighting so yake ka daina yarda da kanka, da idonka, da abin da ka tuna. "Yaushe na faɗi haka? Ke dai kin fara ruɗewa." Rainin hankali ya yi kusa da ma'anar, amma bai kai ta mugunta ba.

Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekarar 2022. Ni dai a ganina an fara tsinka mata daraja. Yanzu ko musun ƙwallo ake yi a Facebook, da ka ce ba fenariti ba ce, sai wani ya ce kana masa gaslighting, alhali saɓanin ra'ayi ne kawai.